Gatarin Kurege a Buhun Dankali

Shekarun baya, lokacin da damina ta fara ja da baya, na je Djougou wajen ƙanwata. Yarinyar nan tun muna ƙanana ko tsinke ta dasa sai ya yi ganye, ni kuwa ko na'ana'a ba ta kwana a hannuna. Abin yana cina, ba zan ɓoye muku ba.

A bayan gidanta, ƙarƙashin wata kaɗanya, na tarar da gatarin kurege ya nannaɗe reshe, furensa ja da rawaya, duk mai shigowa sai ya tsaya ya yaba. Ta ce daga kurmi ta haƙo shi, inuwa yake so da ƙasa mai laushi wadda ganye ya ruɓe a ciki. Da rani sai ya mutu, ruwa na sauka ya dawo. Tsofaffi na daka saiwarsa don kashe kwarkwata, amma ta ja kunnena cewa guba ce, wanda ya ci sai amai da gudawa, wani ma ba ya tashi.

Ni babba in roƙi ƙanwata? Ina! Tana kicin na faki idonta na haƙi saiwa ɗaya, na cusa a buhun dankalin da ta ba ni tsaraba.

Na iso gida Banikanni a gajiye, na manta shaf. Washegari ina butik, shagona, da azahar abin ya faɗo mini. Na tare zem, wato ɗan acaba, ko cinikin kuɗin ban yi ba. Ina shiga gida na tarar 'yata ta dafa dankalin, ƙannenta biyu sun dawo daga lakwal, wato makaranta, sun cinye rabin kwano.

Na zazzage buhun, babu saiwar. Na kira ƙanwata, ina kuka na faɗa mata abin da na yi, na tambaye ta me ake ba wanda ya ci.

Ta ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Ta taga na gan ki kina haƙa. Kina alwala na cire ta, na ji nauyin yi miki magana ne."

Na zauna daɓas a ƙasa, yaran suna kallona da dankali a hannu.

Tun ranar in ina son abu baki nake buɗewa. Amma wallahi har yau in na tuna, bayan hamdala sai wani ɗan haushi ya biyo: ko 'ya'yan da na haifa, ita ta fi ni iya tsare su.