Madarar da Malam Labaran ya zubar a tsakar gidana

Da hantsin ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Labaran Ado na Panshekara, bayan jinyar kwana tara. Ina bakin inji a kamfanin fatar da nake aiki a Challawa ɗansa Idrisu ya kira ni, ƙara ta hana ni ji sai da ya maimaita sau uku. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. An yi masa sutura bayan azahar. Tun daga ranar ban sami natsuwa ba, domin akwai maganar da Malam ya rufa mini asiri a kanta shekara biyu da 'yan watanni, maganar da ta ɓata sunansa ta bar nawa fes. Yau zan faɗe ta, kuma na san abin da faɗar za ta jawo wa gidana.

Malam, ku kuka tara mu. Mu goma sha ɗaya ne, ma'aikatan kamfanonin Challawa da Sharada, yawancinmu 'yan ƙauye da neman abinci ya kawo birni. Mun tashi da madarar da aka tatso da ɗuminta, muka zo nan muka ƙare a ta gari da ta gwangwani. Ku kuma kun yi kiwo tun kuna yaro, kafin ku yi shekara ashirin kuna gadi a Sharada har aka rufe kamfanin. Kuka ce mutum ɗaya ba zai riƙe saniya a ɗakin haya ba, amma goma sha ɗaya za su riƙe shida. Muka haɗa hannu muka saye su, aka kafa turaku a wani fili bayan Challawa. Ba sayen madara muke yi ba. Shanunmu ne, kowane gida da kasonsa, ku ma da naku, kullum da safe mutum ya zo da galan ya karɓi ɗanyar madararsa.

Doka ɗaya kuka kafa, muka amince da ita a gaban Malam Alhassan shugaban tarayyarmu: babu mai taɓa hantsar saniya sai ku. Duk wanda ya tatsa da hannunsa ya fita daga tarayya. Ranar har dariya muka yi, Usaini, ɗaya daga cikinmu, ya ce ko manajan kamfani bai kai ku tsauri ba. Kuka ce, "Ni na san wadda aka yi wa allura jiya, na san wadda ta ci abin da bai kamata ba. Ku daga bakin inji kuke tahowa, kun ɗauka saniya famfo ce."

Ba zan iya ƙirga alherinku ba. Kullum sai kun bar wa maraƙi rabonsa, ko da muna tsaye muna ƙunƙuni galan bai cika ba. Da matar Usaini ta haifi tagwaye, kwana arba'in kasonku gidansa yake tafiya, kuma bai sani ba sai da ya lura galan ɗinsa ya ƙara nauyi. Kullum kuna ce mana a tafasa wa yara kafin su sha, mu ce to, mu kafa kai mu sha rabi a hanya. Da mahaifiyata Hajiya Binta ta kwanta ciwo, cikinta ya daina karɓar komai sai fura da madarar nan, ku kuke kawo mana a keke duk ranar da nake aikin safe, ku tsaya a zaure ku aika mata gaisuwa.

Cikin bazarar 2023 abin ya faru. Rijiyar da ake shayar da shanun ta ja baya, zafi ya yi tsanani. Wata ranar Laraba da yamma jar saniyar nan, wadda ta fi kowacce nono, ta tsinke igiya ta nufi lambatun da ruwan kamfanonin fata yake bi. Kafin ku cim mata ta sha, ba a san ko nawa ba. Kafin ku gama ɗaure ta maraƙinta ya riga ya kama nono. Sauran shanun a lokacin biyu na da ciki sun ƙafe, uku kuma an yi musu allura, ba a shan madararsu sai bayan kwanaki. Da safe muka taru da galan-galan, kuka tatse jar saniyar a gabanmu, kuka tuntsurar da ƙwaryar a ƙasa. Kuka ce babu madara sai likitan dabbobi ya zo ya duba.

Kowa ya watse yana mita, ni na tsaya. Na ce, "Malam, Hajiya tun jiya ba ta sa komai a cikinta ba. An ba ta ta gari ta amayar. Ko rabin kofi ne ku taimaka."

Kuka dube ni kuka ce, "Lawal, kai da kake aiki da ruwan nan, wanda sai ka sa safar hannu kake taɓa shi? Kai za ka ce a ba Hajiya? Ka yi haƙuri, zan bi ta rugar da ke gaba in nemo mata."

Gaskiya kuka faɗa, na san ruwan fiye da kowa a wurin. Amma na ce a raina ai saniya ta sha ne ba Hajiya ba, kuma ga ta tsaye tana tuƙa lafiya lau. Na yi kamar na tafi. Da na ga kun hau keke kun nufi wurin likita, na dawo. Ni ɗan ƙauyen Ringim ne, na iya tatsa tun ina ƙarami, abin da ban taɓa gaya wa kowa a tarayyar ba. Na saki maraƙin ya ɗan tsotsa don nonon ya sauko, na janye shi, na tatsi abin da bai wuce kofi biyu ba. Ina tatsa ina waige. Na hau mashin na yi gida, na miƙa wa matata Sumayya na ce Malam ya samo wa Hajiya, kada ta tsaya tafasawa, a dama mata yanzu.

Daga baya na gane yadda kuka sani. Kun dawo kun tarar maraƙin a kwance yana zawo, kun taɓa hantsar kun ji ta saki, kun ga sawun takalmin robar kamfani a gindin turke. Mu da yawa muke sa irin takalmin, amma mutum ɗaya ne ya roƙe ku da safen. Daga Challawa zuwa gidana, a zafin nan, kuna da shekara sittin da biyar, kuka taka keke.

Sai da aka aika neman fura, aka ɗan jima. Ina zaure ina jira na ji keke ya faɗi a ƙofa. Ku da ba ku taɓa wuce zaurena ba, kuka shige ni babu sallama har tsakar gida. Hajiya tana jingine a tabarma, Sumayya ta gama damu, ludayin yana hannun Hajiya, saura ta kai baki. Kuka fizge kwanon kuka watsar a ƙasa, kuka karɓe ludayin. Sumayya ta yi ihu ta ruga ɗaki neman mayafi. Maƙwabta suka cika ƙofa. Kuna haki kuka ce, "Ta sha? Hajiya, kin sha?" Ta girgiza kai. Sai kuka zauna daɓas a kan turmi.

Hajiya ta ce, "Malam Labaran, kai ka aiko da ita, kuma kai ka shigo mini gida haka kamar an biyo ɓarawo?" Na jira ku nuna ni. Kuka ɗago kuka dube ni sau ɗaya, kuka mayar da ido ƙasa, kuka ce, "Daga garken da nake tsaro ta fito, Hajiya. Ki yafe mini shigowar." Ba ku yi ƙarya ba, kuma ba ku faɗi sunana ba. Ni da nake tsaye a wurin da bakina, na yi shiru. Washegari da rana maraƙin ya mutu. Likita ya ce ba zai rantse a kan abin da ya kashe shi ba. Ni ban buƙaci rantsuwarsa ba.

Ranar Juma'a aka yi taro a gindin darbejiyar turke. Labari ya riga ya zaga Panshekara cewa Malam Labaran ya ruɗe ya ba da madarar da ya hana, har ta kusa kashe tsohuwa. Malam Alhassan ya tsayar da ku a gaban mutum goma, waɗanda duk kun haife su ko kun kusa, ya yi muku faɗa mai zafi. Ya ce tsufa ya fara taɓa ku. Wani ya ce a nemo Bafulatani a ba shi garken. Mutum biyu suka daina aiko da galan har tsawon wata uku, suka ce ba su yarda da hannunku ba. Kuna tsaye da hula a hannu kuna cewa, "Na ji, Allah ya kiyaye gaba." Ina zaune a layin gaba, har kai na gyaɗa.

Sau ɗaya na same ku ku kaɗai, kuna zuba dusa. Na fara magana kuka katse ni. Kuka ce, "In ka faɗa, doka za ta hau kanka, ni na kafa ta kuma ba zan karya ta ba. Hajiya kuma me za ta sha? Ɗauki galan ɗinka ka tafi." Na ɗauka na tafi, kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Wannan daɗin shi ya fi komai ci mini rai yau. Kuka ci gaba da kawo madara zaurena a keke, kuna aika gaisuwa ciki, Hajiya ba ta amsawa. Tun ranar nan ta ce ba ta ƙara magana da mutumin da ya keta mata gida. Kuna jin shirun daga zaure, ku ajiye galan ku ce a gaishe ta dai.

Jiya da safe na zauna gabanta na gaya mata komai, Sumayya tana tsaye a bakin ƙofa. Hajiya tana cikin shan fura, ta ajiye ludayin. Sannan ta ce, "Shekara biyu ina shan madarar hannunsa ina hana shi amsar gaisuwa. Lawal, ka bari ya mutu ban ce masa sannu ba." Ta ture kwanon, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ba ta dube ni ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalinku, Malama Aina'u, da Idrisu, da Bilkisu, da jikokinku, da dukkan 'yan tarayya. Idrisu da Bilkisu, ku sani mahaifinku bai taɓa kuskuren ƙwarya ba, ko sau ɗaya. Ni na tatsa, ni na yi masa ƙarya, shi kuma ya ceci ran uwata ya ɗauki zagin. Ina roƙon ku yafe mini in za ku iya. Malam Alhassan, zan zo taron Juma'a, kada a sassauta mini dokar. Abin da nake roƙo kawai, ku tsaya a gindin darbejiyar nan ku wanke shi da ƙarfin muryar da kuka yi masa faɗa.

Allah ya jiƙan Malam Labaran, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Allah ya ba iyalinsa haƙuri da dangana. Ya Allah, yadda bawanka ya rufa mini asiri ban cancanta ba, ka rufa masa nasa ranar da babu mai iya yin shiru. Amin.