Galan ɗin da surukina ya sauka da shi

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Likita a Birnin Kudu ya ce in tara fitsarina na yini da kwana a galan. Za su auna sinadarin da ke fitowa daga saman ƙoda, ko shi ke hawar min da jini.

Na shiga mota a Gwaram rungume da galan. Ashe surukina ne a gefena!

Ya ce, "Malam, man gyaɗa ne?"

Kunya ta sa na ce, "E, Baba."

Ya miƙo hannu ya karɓa. "Kai, ɗawainiyarka ba ta ƙarewa! Allah ya yi albarka."

Ya sauka da shi a Sara, ina kallo. Yanzu wa zai je ya karɓo kafin surukata ta ɗora miya?