Ranar da Mama ta ba da shaida a kaina

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina sojan ruwa a Legas, cikin masu sintiri a gaɓar teku. Ɗan ƙauyen Madakiya da bai san ruwan da ya wuce rafin bayan gonarsu ba, wai shi ne mai gadin teku! Sai aka ce ana neman waɗanda za su bi bataliyar da za a tura ƙetare aikin kwantar da tarzoma. Oga bai rufe baki ba na ɗaga hannu. Ba wani kishi ba ne, jirgin sama nake so in shiga.

Aka ba mu hutun sallama, na hau jirgin ƙasa sai Kafanchan. Da farin kaki na sauka, ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Mahaifina dattijon ikilisiya ne, ranar Lahadi ya sa fasto ya sanar. Aka kira ni gaba, aka ɗora mini hannu, 'yan zumuntar mata suka buga tulu suna rawa. Kowa murna, ban da mahaifiyata. Yayana ya tafi yaƙin basasa, bai dawo ba. Ba ta hana ni ba, ta dai ƙulla mini garin acca da citta ta ce, "Ka je. Ni ma zan yi magana da Oga na."

Na koma Legas, aka jera mu gwajin likita. Ido lafiya, ƙirji lafiya. Da aka ce in juya in sunkuya, likita ya yi tsaki ya ce, "Kai, da wannan basir za ka je ƙasar mutane?" Aka cire ni nan take, aka yi mini aiki, aka ce in je gida in huta.

Ka ga sojan da aka yi wa rawa ya dawo yana tafiya kamar agwagwa. Na roƙi Mama ta rufa mini asiri, a ce an ɗaga tafiyar ne. Ta ce to.

Ranar Lahadi na laɓe a bencin baya, na zauna da gefe ɗaya. Fasto ya ce akwai mai shaida? Sai ga mahaifiyata ta miƙe da zakaran baikon godiya a hammata, tana rawa har gaban bagade.

"Jama'a, ku yabi Ubangiji!" in ji ta. "Kuna addu'a yarona ya tafi lafiya, ni ina azumi kada ya tafi. Na ce Yesu, ka riƙe shi ta inda ka ga dama. Ya kuwa riƙe shi! Basir, jama'a! Ga shi can baya, ko zama bai iya ba. Tashi su gan ka!"

Wayyo Allah. Majami'a ta kece da dariya da guɗa, aka sake buga tulun nan da aka raka ni da shi. Mahaifina ya rufe fuska da littafin waƙa. Yarinyar da nake nema tana cikin mawaƙa, har hawaye take sharewa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A gida na ƙi cin abinci. Na ce, "Haba Mama, kin kashe ni a garin nan."

Tana tsince acca a faifai, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kunya ba ta taɓa kashe mutum ba. Na ba su yayanka da ƙafa biyu, ko takalminsa ba su kawo mini ba. Gara ka zauna da gefe ɗaya ina ganinka."

Na jawo kwanon gwate na ci.

Har yau idan na tuna ranar, kunnena sai ya yi zafi. Tsoffin garin ba su taɓa mantawa ba, da na shigo sai ka ji, "Soja, yaya wurin zama?" Amma da na haifi nawa na gane cewa ni sunana nake tsaro, ita kuwa raina. Da Mama ta kwanta ciwon ajali, ni ne a bakin gadonta, hannunta cikin nawa. Ta dube ni ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ka ga amfanin zakaran nan?"