Zakin Ƙyalle da Jelar Zare

Muna yara a Gwandu, in an idar da sallar magariba an ci tuwon shinkafa, ba a kashe wutar murhun Inna Hausi. Kakarmu ce, mahaifiyar babanmu. Takan tura dankali cikin toka, ta zauna kan tabarma ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Wata baƙuwa ta iso ƙofar gida, in buɗe mata?" Mu haɗa baki mu ce, "Buɗe mata, Inna!" Wanda bai amsa da ƙarfi ba, shi ke samun ƙaramin dankali.

Na manta da yawa daga cikin tatsuniyoyinta, amma ta zakin ƙyalle tana nan daram a kaina.

Wai a wani ƙauye bakin fadama an yi wata mata mai suna Tamadi, ba ta da komai sai awaki uku da allura. Kura ta addabi ƙauyen, kullum sai ta ɗauke dabba. Maza sun yi gadi har sun gaji. Sai Tamadi ta bi gida gida tana roƙon tsummoki, ja da rawaya da ruwan ƙasa. Ta yanka su, ta jera siffar zaki a kan baƙin zane, ta ɗinke, ta rataya a bakin garkenta.

Da almuru kura ta zo, ta hangi zaki, ta ja da baya. Amma yunwa ta hana ta tafiya. Ta kira ɓera ta ce ya je ya shinshino mata ko na gaske ne. Ɓera ya lallaɓa, sai ya ga wani zare yana reto ƙarƙashin haɓar zaki. Ya kama da haƙori ya ja. Ɗinki ya biyo shi tiryan-tiryan, kan zaki ya faɗo ƙasa. Kura ta ƙyalƙyale da dariya, ta shiga ta ɗauke akuya ɗaya.

A nan Inna takan tsaya ta dube mu. "Ɗiyan nan, mi ya kashe akuya?"

"Kura!"

"A'a. Jelar zare guda ta kashe ta. Kura ci kawai ta yi."

Tamadi ta yi kukanta ta share hawaye, ta sake ɗinka zakin. Wannan karon duk inda ɗinki ya ƙare, sai ta jawo zaren ta baya, ta ƙulle, ta cusa shi tsakanin zane da zane. Kura ta dawo, ta sake aiken ɓera. Ya bi zakin daga geza har wutsiya, ya leƙa kunne, ya leƙa tsakanin farata, bai sami abin kamawa ba. Ya koma yana haki. A nan Inna takan matse murya ta yi irin ta ɓera: "Ranki shi daɗe, wannan ba ɗinka shi aka yi ba, haihuwatai aka yi!" Kura ta zunduma a guje, ta faɗa fadama, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Mu kuwa sai mu miƙe muna tsalle muna ihu, har babanmu ya leƙo ya ce a yi haramar sallar isha'i.

Na girma, aure ya kai ni Kalgo, na koyi keken ɗinki. Abin da na fi so shi ne bargon gado mai auduga a ciki, wanda ake yanka furanni na ƙyalle a ɗora a sama a bi gefensu da ɗinki. Na farkon da na gama na kai wa Goggo Luba, ƙanwar babanmu, ina ta taƙama. A lokacin in na gama fure sai in sa almakashi in datse zaren daidai fuskar bargon, in wuce na gaba. Wanki biyu aka yi masa furannin suka fara ɗagowa. Goggo ta ɗauke shi daga kan gadonta. Da na je Gwandu sai na tarar da shi a tsakar gidanta, an shanya kuɓewa a kai.

Bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, zannuwanta suka faɗa rabon Goggo. Wasu sun tsufa, ba su ɗauruwa. Na roƙe ta ta ba ni su in yi bargo da su, don kada su ƙare a cikin adaka asu ya cinye.

"Zannuwan uwata?" in ji Goggo. "In ba ki ki yanka, wanki biyu su watse? Balki, ki yi haƙuri, ban iyawa."

Na koma Kalgo raina a ɓace, amma na san gaskiya ta faɗa. In aka yanka zanen Inna ya lalace, babu kasuwar da ake sayo wani. Na zauna gaban keke na juya wani aiki da ke hannuna, na sa farce na taɓa ƙarshen ɗinki. Nan take ya fara warwarewa. Sai na ji muryar Inna tana tambayar abin da ya kashe akuya, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Daga ranar na canza hannu. In na gama fure, sai in bar zare mai tsawon taƙi. In juya bargon, in ja zaren ƙasa a hankali har na sama ya leƙo, in zaro shi da bakin allura. In ƙulle su sau biyu, in zura su a allurar hannu, in bi da su cikin audugar, in fito can gaba, in ɗan ja sannan in yanke. Jelar sai ta koma ciki ta ɓace. Aikin yana cin lokaci, wuya har ya ƙage, amma ban tsallake fure ko ɗaya ba.

Na ɗinka ƙaramin bargo da ragowar ƙyallaye na kai wa Goggo na ce ta yi masa duk abin da ta ga dama. Ta kuwa yi. Ta jiƙa shi, ta cuɗa, ta buga a kan turmi, ta shanya, ya bushe ta sake. Sannan ta zauna a hasken rana tana bin kowane fure da farce. Ta gama ta ninke shi, ta ce in gaida mutanen Kalgo. Na bar mata shi na koma gida.

Bayan mako guda, ina cikin ɗinki da hantsi, na ji sallama. Goggo ce tsaye da ƙunshi a ka, ita da ba ta son shiga mota.

"Ga su nan," ta ce. "Shuɗin nan ɗaya ki bar mini. Sauran ki yanka."

Na karɓa da hannu biyu. Wata biyu na yi a kansa.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta dabara ce, mace ta yi wa kura wayo. Yanzu na gane dabarar tun karon farko Tamadi ta yi ta, kuma ba ta hana a ci akuya ba. Abin da ya cece ta shi ne ɗan aikin nan na ƙarshe, wanda ake yi bayan an gaji, a gefen da ba mai dubawa. Da shi ne na dawo da yardar da na zubar a wurin Goggo.

Bargon yana kan gadonta yanzu, ya sha wanki ban san iyaka ba, ko fure ɗaya bai motsa ba. In baƙi suka shiga ɗakinta suna yaba furannin, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da su.

"Ku bar gaban," takan ce. "Ku juya bayan, ku nemo mini zare guda. Ɗiyar yayana ta yi shi."