Takardar Ƙafar Gaggafa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Tudun Wada ya san Baba Ebenezer Tagwai, in ba da fuska ba to da ƙanshin kafur. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin adana tsuntsaye na jami'a, yana feɗe su, ya cusa musu auduga, ya ɗinke, ya ɗaura wa kowanne 'yar takarda a ƙafa mai ɗauke da sunansa. Ya yi ritaya tuntuni, amma kafur ɗin da ke kore asu bai bar jikinsa ba. Matarsa, Mama Victoria, takan ce ko an rufe mata ido a coci za ta gano bencin da yake.

Ni maƙwabciyarsu ce, kuma labarin gaggafar kurmi na ji shi ya fi sau ɗari. Wani malami ne ya zo da gawarta daga dazukan kudu, har ta fara lalacewa. Baba yana saurayi ya yi kwana huɗu a kanta sai da ta dawo kamar barci take. Ya rubuta mata sunan Latin da alƙalami, a ƙasa ya sa: E. Tagwai, 1979. Bai gama sakandare ba, bai rubuta littafi ba, don haka wannan takarda yake ji da ita.

Bara sai Dakta Bahijja, sabuwar mai kula da ɗakin, ta aiko tana son ganinsa. Wai masana sun daɗe da gano cewa gaggafar ba ta cikin dangin da aka sa ta, cikin manyan gaggafa take, za a sauya mata suna. Baba ya yi kwana uku bai ba bishiyar lemonsa ruwa ba. Ya yi ta mita, wai tsuntsuwa tana kwance shekara arba'in ba ta ci wa kowa komai ba, a wayi gari a canza mata uba. Amma mun san inda ke masa ciwo: tsoro yake a yanke takardarsa a jefa kwandon shara. Gaskiya na ji tausayinsa.

Ya sa kayansa na Lahadi, na raka shi saboda ciwon gwiwarsa. A cunkoson Kwangila ya yi ta bitar abin da zai faɗa musu, har direba ya fara sa baki.

Dakta ta durƙusa ta gaishe shi, ta jawo durowa. Ga gaggafa, ga takardarsa ta yi ja saboda tsufa. Ya soma jawabinsa, ta bar shi har ya kai ƙarshe.

"Baba, ai dokarka ce muke bi," in ji ta. "Ba a cire tsohuwar takarda, sabuwa ake ɗaurawa kusa da ita. Na kira ka ne don hannunka nake so ya rubuta."

Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa ɗalibai wannan doka, shi ne fargaba ta mantar da shi. Ya zauna ya karɓi alƙalami. Baƙaƙen suka fito a karkace, kalma biyu ta ci masa kusan kwata. Ya ɗago ya tambaya a hankali ko zai sa sunansa, ta ce dole. Ya ɗaura zaren da kansa, ƙulli biyu kamar yadda ya saba.

A hanyar gida ya ce da ni, shi tun ranar da ya ga faratan nan ya san ba 'yar ƙaramin gida ba ce. Na haɗiye dariyata na ce haka ne, Baba. Da la'asar na jiyo shi ta katanga yana ba lemo ruwa, yana maimaita sabon sunan don kada ya kuɓuce masa.