Ranar da Aka Kwaikwaye Ni a Gaban Allo

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, akwai wata Asabar a Maraɗi da ba zai iya ɗauka ba, ranar da yaron da na taɓa share wa majina ya tsaya gaban allo yana kwaikwayo na, malamai suna ƙunshe dariya.

Ni ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na haifi uku sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci, daga nan kuma na ƙi tashi. Na yi jarabawar burbe, ta kammala ƙaramar sakandare, aji ɗaya da sa'annin ɗana na fari, na wuce, na yi ta kutsawa har na fito malamar ilimin halittu furfura ta fara leƙo mini. Aka tura ni kwalejin Jiratawa. Shekarun nan ne na bayan babban taron ƙasa, jam'iyyu sun cika gari, yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai na ƙona taya, har aka yi shekarar da ta tafi fara fat babu jarabawa. Da aka koma aji, kowa gudu yake ya cike abin da ya wuce. Ni kuwa na fi kowa gudu.

Sai ajina ya fara yoyo. Yaran da ke zaune a darasin lissafi, da zarar sun hango ni sai su sulale su bi bakin kanal ɗin ban ruwa zuwa gonakin albasa da zogale. Waɗanda suka rage kuma kamar an ɗinke musu baki. Na yi faɗa, na aika wa iyaye, na bi wasu har gona, a banza. Rannan direkta ya kira ni, yana magana yana kallon takalminsa, ya ce in abin bai sake ba zuwa ƙarshen zango, zai ba wani ajin masu jarabawa, ni in koma kula da ɗakin littattafai. Ɗakin da ɓeraye suka fi littattafan yawa! Na fito zuciyata na tafasa. Shekara nawa na yi ina neman allin nan, yanzu a zare mini shi daga hannu?

Akwai jami'in da aikinsa shi ne zagaya makarantu ya ga yadda ake koyarwa ya ba da shawara, muna ce masa konseye, a gabansa kuma Mushe, wato Malam da faransanci. Rabon da a gan shi a Jiratawa har an manta, don babu man da za a zuba wa babur ɗinsa. Na hau kabu-kabu na same shi a gida, a unguwar Zariya, yana ba tumakinsa dusa.

"Mushe, in babur ɗinka ba ya da mai, ga na haya a waje. Tashi mu tahi."

"Madam, haka ake sato mutum da rana tsaka?"

"Ba sata ba ce, aikinka ne."

Ya zo, ya zauna a bencin baya, ya saurari darasina har ƙarshe. Da muka fito ya ce na san abin da nake koyarwa, Allah ya ƙara basira. Na ce ban ɗauko shi daga Zariya don ya yi mini addu'a ba, liman na kusa da gidana. Ya yi murmushi, ya ce to in zo taron malamai na ƙarshen wata, ni zan ba da darasin gwaji.

Ga yadda taron yake. Malaman darasi ɗaya daga Maraɗi da Tibiri da Jiratawa su haɗu a aji guda, ɗaya ya koyar, sauran su zauna a benci kamar ɗalibai, in ya gama kowa ya faɗi gyaran da ya gani. Na sha ganin yadda suke yayyaga juna. Amma ni, duk da ni ce ƙarama a aiki, na haifi rabinsu, kuma Inna suke kira na. Na yi darasina a kan yadda ganye ke fitar da ruwa, na yi gumi, na aje alli. Aka shiga zagaye. "Wallahi Inna ta yi ƙoƙari." "Ni dai ban ga abin gyara ba." "Mu ne za mu koya a wajen Inna." Kowa ya faɗa sai ya sunkuyar da kai.

Na buga tebur. "Ajina na watsewa, kuna ce mini na yi ƙoƙari? In zanena ya kama da wuta, haka za ku zuba ido don kuna jin kunyata?"

Konseye ya dubi wani malami ɗan Tibiri, abokin ɗana, wanda ya ci tuwon gidana har ba adadi. Ya ce tunda baki ya kasa faɗa, ya tashi ya maimaita darasin kamar yadda na yi shi, kada ya ƙara kada ya rage. Yaron ya ce, "Mushe, ka rufa mini asiri, ina zuwa gidanta." Na ce, "Tashi, ɗan nema! In ka rage wani abu ma kada ka sake taka mini gida."

Ya tashi jiki a sanyaye. Ya riƙe ƙugu, ya zare ido, ya fara kai da komo. "Mi ya sa ganye ke yaushi da rana? Kai! Ba ka sani ba? Ruwa ne ke hita! Ku rubuta! Ta ina yake hita? Ke! Ta ƙananan ƙofofi! Ku rubuta! Ni da na fara karatu da goyo a baya na gane, ku mi ya hana ku?"

Wani ya ƙware da dariya ya fita da gudu. Ni kuwa ina kan benci, gwiwoyina sun tokare tebur, sai na ji abin da yaran ke ji. Kafin tambayar ta iso kunnena amsar ta riga ta wuce, ga gori ya biyo baya. Na so in tashi in ɗauke shi da mari. Abin da ya hana ni shi ne bai yi ƙarya ko ɗaya ba.

Konseye bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Madam, ke kin zo ilimi da ƙishirwa, shi ya sa kike kwankwaɗa. Ɗiyan ga ba su iya saurinki. In kin yi tambaya, koma bango ki jingina, kada ki buɗe baki sai wani ya buɗe nashi."

Ranar Litinin na shiga aji da ragowar yarana. Na ce, "In za ku dasa albasa, mi ya sa kuke yanke kan ganyen?" Na koma na jingina. Jama'a, ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin shirun nan ba. Amsar na cizo na a harshe, ina jin injin ban ruwa na ƙugi daga fadama. Yaran suka fara satar kallo na, suna jiran tsawa. Can sai wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ce, ƙasa-ƙasa, "Don kada ya sha wahala, saiwar ba ta kama ba tukuna." Wani ya ce ba haka ba ne, don iska ne. Gardama ta kaure. Ban tsoma baki ba sai da suka kai kansu bakin ƙofar amsar, sannan na ba su sunan abin da faransanci.

Ba zan ce aji ya cika washegari ba. A hankali suka riƙa dawowa, wasu ma ba su dawo ba sam. Amma zango ya ƙare direkta bai sake tada maganar ɗakin ɓeraye ba. Ɗan Tibiri kuwa wata guda yana kewaye layinmu, sai da na aika masa tuwo da miyar zogale.

Abin da na koya ke nan: kunyar da za ta hana a gaya maka gaskiya ba girmamawa ba ce, bari ne aka yi ka faɗa rami da mutuncinka. Kuma malamin da bai iya yin shiru ba, kansa kaɗai yake koyarwa.