Man Zaitun don Mushe a Dakoro

Mun tashi da asuba daga Maradi, ni da limamin cocinmu da muke kira Monper. Ni ne direba, shi kuma ya riƙe ɗan kurtun man zaitun mai albarka a aljihun ƙirji kamar wanda ya tsinci zinariya. Wani Alhaji mai sayar da hatsi ne ya bugo waya daga Dakoro, ya ce maƙwabcinsa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, tsohon malamin lakwal, wato makaranta, jiki ya yi tsanani, yana ta kiran a zo a shafa masa mai. Fargabata ɗaya, kada mu tarar an rufe ido.

Gudron, wato kwaltar hanya, ba laifi, sai jakuna da suka ɗauka gadon ubansu ne. A Kornaka muka sha fura ta dala arba'in, mai nonon ta cika ludayi har da gyara. Daga nan bishiyoyi suka yi ta raguwa, hira ma ta ƙare.

Da hantsi muka isa. Alhaji ya tarbe mu da litar man gyaɗa a hannu.

"An ce mai za a shafa mishi, na ce kar ya gaza."

Monper ya yi murmushi ya nuna masa kurtun. Alhaji ya kaɗa kai, ga alama ya raina.

Mushe na kwance a ɗaki ɗaya. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa suna Kwatano, kuma a unguwar kaf shi kaɗai ne Kirista. Monper ya ɗora masa hannu a ka, shiru, sannan ya shafa man a goshinsa da tafin hannuwansa yana addu'a. Ni kaɗai na amsa. Muryata ta yi mini ƙanƙanta a ɗakin, har ƙwalla ta zo mini. Mushe ya buɗe ido ya ce, "Kun zo."

Za mu shiga mota Alhaji ya ja ni gefe.

"Malam, shekara talatin muna shan shayi da bawan Allah nan. In ta Allah ta kasance ba ku iso ba, ina za mu fuskantar da shi a kabari? Ban so in yi mishi ba daidai ba."

Na waiwaya, ashe an jiyo mu. Monper ne ya ce, "Ku kwantar da shi yadda za ku kwantar da ɗan'uwanku." Alhaji ya cusa mana cuku biyu a mota, ya juya da sauri.

Bayan magariba na dawo ɗakina na haya, na buɗe da makullina, ba wanda ya ce sannu da zuwa. Na tafi ina tausayin Mushe don ba shi da kowa. Ashe shi yana da wanda zai buga waya. Na zauna da cukun a hannu ina duba gidan nan namu ɗaki ɗaki, ban samu nawa Alhajin ba.